Gaisuwar Rana: Motsa Jiki Ne Ko Sujada?

Gardama ta shiga gidajen masu bi a unguwar 220 Logements ta Ajame, har ta ƙetare gada zuwa Tireshbil. Samari da 'yammata suna gani a wayoyinsu ana koyar da abin da mutanen Indiya suke kira Surya Namaskar, wato gaisuwar rana. Mutum ya tsaya ya haɗa tafin hannu, ya miƙe, ya sunkuya, ya kai ƙirji ƙasa, ya ɗaga kai kamar kumurci, ya sāke tashi. Masu tallarta suna cewa ilimi ne mai shekara 5,000, tana warkar da ciwon sukari da hawan jini, kuma ba ruwanta da addini. Duka ukun nan ba gaskiya ba ne.

A fara da shekarun. Yi wa rana sujada tsohon abu ne a Indiya, wannan ba musu. Amma jerin motsin nan da ake koyarwa yau bai fi shekara 100 da kaɗan da yaɗuwa ba. Babu shi a littafin Patanjali, wanda masu yoga suke ɗauka tushensu. Babu shi a Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15, wanda ya bayyana zama iri 15 kawai. Wanda ya yaɗa shi sarki ne na wata ƙaramar ƙasa mai suna Aundh a yammacin Indiya, Bhawanrao Pant Pratinidhi. Mutum ne mai son gina jiki, mai sha'awar Eugen Sandow, ƙaƙƙarfan Baturen nan da ya yi suna a Ingila. A shekarun 1920 sarkin ya sa a koyar da gaisuwar a makarantun ƙasarsa, a 1938 kuma aka buga littafinsa a Landan da taimakon wata 'yar jarida, Louise Morgan. Nasa jerin ma matakai 10 ne, ba 12 da aka saba gani yanzu ba. Duk wanda ya dube shi da kyau zai ga kamanninsa da atisayen 'yan kokawar Indiya. A lokacin ba a ma lissafa shi cikin yoga ba, sai da malamai irin su Krishnamacharya na birnin Mysore da almajiransa suka haɗa su daga shekarun 1930. Ashe tsohon da ake yi wa kirari sa'an kakannin masu sauraro ne.

Sai batun addini. Sarkin Aundh bai ɓoye kome ba: a wurinsa ana fuskantar gabas da hantsi, ana ambaton sunayen rana 12, irin su Mitra da Ravi da Surya, kowane zagaye da sunansa. Wannan addu'a ce, ko da mai koyarwa a Kokodi ya ce sauti ne kawai na kwantar da hankali. Bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 21 ga Yuni ta zama ranar yoga a Disamba 2014, waɗansu Musulmin Indiya suka ƙi, aka kuwa cire gaisuwar rana daga tsarin bikin farko na 2015. Mai bi ba ya bukatar dogon bayani a nan. A Ezekiyel 8:16 annabi ya ga mutum wajen 25 sun juya wa Haikali baya suna yi wa rana sujada, aka kira abin ƙyama. Maimaitawar Shari'a 4:19 ta riga ta yi gargaɗi a kan rana da wata da taurari. Wanda aka ce ya maimaita kalmomin da bai san ma'anarsu ba, ya tambaya tukuna. In an ƙi fassara masa, ya naɗe tabarmarsa.

Amma akwai wani kuskure a cikin ikkilisiya, shi ma yana da tsada. Waɗansu masu wa'azi sun mai da kowane sunkuyo ƙofar aljanu, har dattijo yana jin tsoron taɓa yatsun ƙafarsa. Ƙashin baya ba na Hindu ba ne, Allah ne ya halicce shi. Bulus ya gaya wa Timoti cewa horon jiki yana da amfaninsa, ko da bai kai na ibada ba. A dubi mai sayar da garba a Ajame, wanda yake tsaye kan kaskon kifi tun asuba, ko tela a Tireshbil da ya wuni a dunƙule kan keke, ko direban gbaka. Abincinsu mai ne da gishiri da dunƙulen Maggi, hawan jini kuwa ba ya sallama kafin ya shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Ɗakin haya a 220 Logements ba shi da fili, amma yana da wurin tabarma ɗaya, motsin nan kuwa iyakar abin da yake bukata ke nan.

Amfaninsa na gaske shi ne yana miƙar da baya da cinyoyi, yana ƙarfafa hannuwa da kafaɗu, in an yi shi da sauri kuma yana sa zuciya ta yi aiki. Duk wannan daga tsoka da numfashi yake fitowa. Wanda ya yi shi da dare yana fuskantar bango, bakinsa a rufe ko yana karanta Zabura, zai sami daidai abin da mai fuskantar gabas ya samu. Warkarwa kuwa ba ya yi. Mai ciwon sukari da ya ajiye maganinsa saboda wani hoton waya yana wasa da ransa. Mai hawan jini, da mai ƙaba, da mace mai tsohon ciki, da wanda ruwan idonsa ya hau, su ga likita kafin su fara sunkuyar da kai ƙasa da ƙugu.