Tocilar aljihu da ƙaryar da ke jikin kwali

Duk wanda ya shiga kasuwa neman tocila a 'yan shekarun nan ya ga irin lambobin da ake zabgawa a jikin kwali. Abu ɗan mitsitsi wanda bai cika tafin hannu ba, amma an rubuta wai haskensa lumen 100,000 ne, wani ma 990,000, ga hoton haske ya keta daji ya haska dutse. Na daɗe ina gani ina wucewa. A makon nan ne abin ya tsaya mini a rai, domin na ga wanda ƙaryar take faɗa wa, kuma ba mai hali ba ne.

Mai gadin layinmu dattijo ne, ya haura sittin. Tocilarsa ta gaji, mutanen layi suka yi karo-karo a saya masa sabuwa. Aka aiki yaro mai hankali, shi kuma ya yi abin da kowa zai yi, ya jera kwalaye ya ɗauko wadda lambarta ta fi girma. Daren farko kowa ya yaba, don in aka danna ta daga bakin layi sai ka ga bangon masallaci tar. Da na fito sallar asuba ranar Talata sai na tarar da shi zaune cikin duhu, tocilar na kan cinyarsa. Na gaishe shi na ce, "Baba, lafiya ka kashe ta?" Ya ce, "Malam, ai ita ta kashe kanta. Tun kafin ƙarfe ɗaya ta dushe, sauran daren da kunne na yi gadi."

Na karɓa na kwance gindinta na zaro batirin. Irin wanda ake kira 18650 ne, mai kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65, wanda ake samu a cikin batirin tsofaffin kwamfutocin cinya. An buga masa 9900mAh, wai yawan cajin da yake ɗauka ke nan. Manyan kamfanonin da suka ƙware a ƙera shi, irin su Panasonic da Samsung da LG da Molicel, nasu yana kamawa ne daga wajen 2500 zuwa 3600, babu wanda ya taɓa kusantar 9900. Wanda ya ce maka ya zuba wannan adadi a wannan girma, daidai yake da wanda ya ce ya juye ruwan jarka a kofin shayi. Batiri na gaskiya nauyinsa wajen giram 45 ne, kana ɗauka za ka ji shi a hannu. Wannan kuwa sakwat na ji shi. Masu fasa irin waɗannan batura sun sha nuna abin da ke ciki: wani ƙaramin batiri ne aka ɓoye a cikin babban gwangwani, wani kuma tsoho ne da aka ciro daga bola aka sake masa riga.

Lissafin hasken ma ba ya buƙatar digiri. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 da muka taso da shi yana ba da lumen wajen 800. Ƙwan fitilar gaban mota irin na da yana ba da 1000 zuwa 1500. Ƙwan LED mai kyau, in ya yi ƙoƙari, yana fitar da lumen wajen 150 a kan kowane wat. Ke nan tocilar da za ta ba da lumen 100,000 sai ta ja fiye da wat 600. Batirin 18650 na gaskiya, abin da ke cikinsa duka zai iya riƙe wat 12 ne na awa guda. Da a ce ma zai iya sakin wutar da ake nema, cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi zai ƙare, kuma kafin nan hannun mai riƙe da ita ya ƙone. Tocilar aljihu ta gaskiya mai batiri guda, in ta kai lumen 1000 zuwa 2000 ta yi bajinta, shi ma na ɗan lokaci ne, da ta yi zafi take rage kanta don kada ta lalace.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, mai aikin dare ba ya rayuwa a kan haske mafi ƙarfi. Yana rayuwa ne a kan ƙaramin haske da matsakaici. Lumen 5 zuwa 10 sun isa mutum ya nemi makulli, ya duba yaro mara lafiya ba tare da ya tashi mutanen ɗaki ba, ya zagaya bayan gida. Lumen 50 zuwa 150 sun isa a yi tafiya a hanyar gona, a duba injin mota, a ƙirga awaki a turke. Babban haske na daƙiƙa goma ne, lokacin da ka ji motsi a ƙarshen layi kana so ka san mutum ne ko kare. Tocila mai batirin gaskiya tana iya kwana tana ci a matsakaicin haske har gari ya waye. Saboda haka tambayar da za a yi wa mai shago ita ce awa nawa take yi a ƙaramin haske, kuma da wane haske take farawa in an danna ta. Wadda take farawa da mafi ƙarfi, sai ka bi ta kan walƙiya da ƙyaftawa kafin ka iya kashe ta, ba don mai aiki aka yi ta ba. Ban taɓa ganin mai gadi ko makiyayi da ya ce yana buƙatar wannan ƙyafce-ƙyafcen ba.

Ko kamfanonin kirki ma sai an karanta lambarsu da lura. Akwai ma'aunin da masu ƙera tocila a Amurka suka amince da shi a 2009, ana kiransa FL1, za ka ga alamarsa a kwalaye masu yawa. A ƙarƙashinsa, awannin da aka rubuta ana ƙirga su ne har zuwa lokacin da hasken ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. In ka ga awa 4, ba awa 4 na cikakken haske ake nufi ba. Nisan da aka rubuta kuma ana auna shi ne har inda hasken ya koma kamar na farin wata. Raba shi biyu, shi ne nisan da idonka zai amfana. Duk da haka wannan lissafi ne da aka bayyana ƙa'idarsa, mutum yana iya bin diddigi. Ba a haɗa shi da wanda ya zauna ya ƙaga sifili biyar ba.

Wani zai ce tocila ce kawai, me ya kawo ɗaga murya. Ya je Kaltungo a jihar Gombe ya ga asibitin masu saran maciji a lokacin damina da kaka. Kububuwa ƙarama ce, launinta launin ƙasa, kuma da magariba take fitowa har cikin dare. Ba duk sara ne ke faruwa da dare ba, da yawa a gona ne da rana tsaka, amma wanda ya taso daga fadama bayan isha'i da silifas a ƙafa, hasken da ke hannunsa ne kaɗai tsakaninsa da ita. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma cikin shawarwarin kariya na farko akwai takalmi mai rufi da fitila da dare. Wanda ya sayar wa manomi tocilar da za ta mutu a rabin hanya, alhali ya san za ta mutu, ya ci kuɗinsa kuma ya jefa shi cikin haɗari. Ba na ganin wannan a matsayin dabarar ciniki. Ha'inci ne, kuma mun san abin da addini ya ce a kan mai tauye mudu.

Ga kuma matsalar wutar lantarki. Ba a manta ƙarshen Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar layukan da ke kawo mana wuta. 'Yan'uwanmu na Yamai da Maradi da Damagaram sun ɗanɗani tasu a Agustan 2023 da aka yanke wutar da ke zuwa musu daga Najeriya. A ƙasar da wuta take tsayawa, tocila kayan ado ne na masu yawon shaƙatawa a daji. A wurinmu kayan aiki ce kamar fartanya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda muka saba da ganin ma'aikaciyar lafiya tana karɓar haihuwa ko tana neman jijiya da fitilar waya, wani na riƙe mata, har ya zama ba abin magana ba. Fitilar waya ba ta wuce lumen 'yan gommai, ba ta zuwa nesa, kuma tana cinye cajin da za a kira mota da shi in abu ya rikice. Duk ƙaramin asibitin da ke karɓar haihuwa da dare ya kamata a ce akwai fitilar goshi mai kyau a aljihun kowace ma'aikaciya, kuɗinta bai kai na man da ake zuba wa motar rakiya ɗaya a rana ba.

Sana'a ce ke zaɓa wa mutum tocila. Mai gyaran wuta yana buƙatar hasken da ke nuna launi yadda yake, don a ƙarƙashin farin hasken nan mai shuɗi-shuɗi na tocilolin araha, jar waya da mai ruwan ƙasa suna iya rikita ido. Ya nemi wadda aka rubuta wa CRI 90 ko sama, mai haske mai ɗan ɗumi irin na hantsi. Haka ma mai duba ciwo da jini. Bakanike yana son mai maganaɗisu a gindi, ya manna ta a jikin bonet hannuwansa biyu su sami aiki, da ɗan maƙali da zai soke ta a bakin hula. Na sha ganin samari a gareji sun cusa tocila a baki suna kwance noti, haƙora ne ke biyan kuɗin daga baya. Mai gadi da ɗan sintiri su ne ke buƙatar mai tattara haske ta jefa shi nesa, kuma a nan faɗin kan tocilar da zurfin madubin cikinta sun fi yawan lumen tasiri. Girma kuwa, wadda ta fi ƙarfin aljihun riga a gida za a bar ta, ranar da ake nemanta ba ta kusa.

Ga mutumin ƙauyen da ba wuta ba sola, har yanzu ina ganin mai cin batirin AA guda ɗaya ta fi masa kwanciyar hankali, don babu teburin mai kayan tireda da ba a samunsa. Sai dai kada ya bar batiri ya daɗe a ciki ba a amfani, yana yoyo ya cinye ƙarfen. A kuma kula da wani batiri mai suna 14500, girmansa ɗaya da AA amma ƙarfinsa volt 3.7 ne maimakon 1.5, in aka sa shi a tocilar da ba a yi ta don shi ba nan take ƙwan yake ƙonewa. Wanda ke da wurin caji ya nemi mai kafar caji irin ta wayoyin yanzu, wadda kuma ake iya buɗewa a sauya batiri. Manyan tocilolin roban nan masu ƙafa biyu da ake sokawa a bango, batirin cikinsu ba ya jure a bar shi ba caji, shi ya sa suke cika kwandon shara kafin shekara ta zagayo.

Na san tocila ta gari tana da tsada a wannan marra, kuma ba kowa ke iya fitar da kuɗinta lokaci guda ba. Amma wanda ya sayi ta banza sau uku ya riga ya biya kuɗin ta kirki.

Tsohuwar tocilar ƙarfe mai manyan batura biyu, irin mai kan damisa da iyayenmu suke ajiyewa a gefen filo, haskenta ja ne kuma ba ya zuwa ko'ina in aka kwatanta da na yau. Amma ba ta taɓa yi wa kowa alƙawarin da ta san ba za ta cika ba. Yau fasaha ta ci gaba ninki ba ninki, ana iya yin tocila ta gaskiya da kuɗi kaɗan, kuma a ƙasar Sin ɗin da ake ɗora wa laifi ana yin masu kyau ƙwarai. Masana'anta tana ƙera abin da aka yi oda ne. Ɗan kasuwarmu da ya je ya ce a rage masa farashi ta kowace hanya kuma a buga masa babbar lamba, shi ne ya san abin da ya loda a kwantena. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwar kayan wuta su yi wa 'ya'yansu magana, ina kuma kira ga hukumar kula da ingancin kaya ta fara da batiri, don batirin bogi ba ya tsayawa a saurin mutuwa, yana iya kamawa da wuta a wurin caji cikin ɗakin da yara suke kwance.

Kafin a yi wannan, mai saye ya kare kansa. Ka sa a buɗe gindin tocilar a gabanka, ka ɗauki batirin ka ji nauyinsa, in irin 18650 ne kuma ka ga an rubuta masa fiye da 4000mAh ka ajiye. Ka duba ko akwai zoben roba a bakin murfin, shi ke hana ruwa da ƙurar hunturu shiga. Alamar IPX4 tana nufin za ta jure yayyafi, IPX7 kuma za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Ka guji mai kan da ake ja yana shiga yana fita, don ta nan take zuƙar ƙura. Sannan ka kunna ta ka bar ta tana ci a hannunka minti biyar kuna ciniki. Mai shagon da ya hana ka wannan, ka yi masa sallama ka shiga shago na gaba.