Tafkin Cadi: Kuɗin tallafi na raguwa alhali manomi bai koma gonarsa ba

Tun daga shekarar 2017 ƙasashe masu ba da tallafi suke ta haɗuwa kan yankin Tafkin Cadi. A taron birnin Oslo na watan Fabrairun 2017 an yi alƙawarin dala miliyan 672. A Berlin, cikin Satumbar 2018, alƙawarin ya haura dala biliyan 2. Da aka sake zama a Yamai a Janairun 2023, abin da aka ambata bai wuce dala miliyan 500 da ɗoriya ba. Daga nan kuma al'amura suka ci gaba da sauyawa: Tarayyar Turai da Faransa sun dakatar da wani ɓangare na tallafinsu ga Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sannan gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID a 2025. Tambayar da ke gaban mazauna Diffa da Bol da Kuseri a yau ita ce me waɗannan kuɗaɗe suka gina da zai tsaya da ƙafarsa idan masu bayarwa suka janye.

Manyan shirye-shirye biyu sun fi fitowa fili a fannin noma da ayyukan yi. Akwai RESILAC, wanda Tarayyar Turai da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, AFD, suka ɗauki nauyinsa tun 2018 a Kamaru da Cadi da Nijar da Najeriya. Akwai kuma PROLAC, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 170 a 2020 domin Kamaru da Cadi da Nijar, da nufin gyara hanyoyin karkara da farfaɗo da noma. A jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru an san irin aikin da ake kira HIMO, inda ake ɗaukar matasa su yi aikin ƙarfi kamar haƙar tafki ko gyaran hanya, a biya su, a ajiye musu wani kaso da za su ja jari da shi bayan an gama.

Hikimar da ke bayan wannan tsari a bayyane take. Matashin da ke da abin yi da ɗan kuɗi a aljihu ba ya saurin sauraron mai yi masa tayin babur da bindiga. Tafkin da aka haƙa kuma yana nan bayan an tashi daga aikin. Sai dai aikin na 'yan watanni ne, alhali abin da ya karya tattalin arzikin yankin ya shekara goma yana nan.

Jihar Diffa misali ce. Kafin rikicin Boko Haram, tattasai da ake nomawa a gaɓar kogin Komadugu da bandar kifin tafki su ne ƙashin bayan kasuwancinta, kuma akasarinsu Najeriya ake kai su. Da aka kafa dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2015, hukumomi sun haramta hawa babur, suka hana cinikin kifi da tattasai, suka taƙaita sayar da taki da man fetur, bisa hujjar cewa mayaƙa na amfana da su. A watan Mayun wannan shekara aka kwashe dubban mutane daga tsibiran tafkin. An sassauta wasu daga cikin matakan daga baya, amma manomin da ya rasa injin ban-ruwansa da dillalin da yake ba shi bashin taki ba ya dawowa daidai don kawai an ɗage doka.

A ɗaya gefen kuma akwai 'yan bindigar kansu. Ɓangaren ISWAP yana karɓar haraji daga masunta da manoma a wuraren da yake da iko, kuma kisan manoman shinkafa fiye da 40 a Zabarmari kusa da Maiduguri, a Nuwambar 2020, ya nuna abin da kan iya samun wanda ya fita gona ba kariya. Ana iya raba wa mutum iri da fatanya a sansanin gudun hijira, amma idan ƙasa mai albarka tana can inda ba ya iya zuwa, irin ba zai amfane shi da komai ba.

Inda ake iya zuwa kuwa, jama'a sun cunkushe, kuma rabon ƙasa da ruwa ya zama abin faɗa. Rikicin da ya ɓarke a Logone-Birni a 2021 tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta da manoma Musgum kan ruwa ya kai har Kuseri, ya tura dubun dubatar mutane ƙetaren kogi zuwa Njamena. Duk shirin da ya gyara fadama ko ya haƙa tafki ba tare da an fara daidaita wa ke da haƙƙin amfani da shi ba, yana iya shuka sabuwar rigima. Ambaliyar 2024, wadda ta cinye Yagwa da sassan Cadi da dama, ta kuma fasa madatsar Alau kusa da Maiduguri, ta ƙara nuna cewa aikin da ba a ware masa kuɗin gyara ba damina ɗaya na iya share shi.

Wannan batu ya shafi Hausawan yankin ta wata fuska ta daban. Da yawansu masunta ne da 'yan kasuwa da masu sufuri, waɗanda sana'arsu ta dogara da zirga-zirga tsakanin Baga da Darak da Baga Sola da Ngigmi. Shirye-shiryen tallafi kuwa galibi kowace ƙasa ke gudanar da nata kason, kuma ana tantance masu cin gajiya ne ta hannun masu gari da ƙananan hukumomi. Wanda kakansa ya zo kamun kifi ya zauna, ba shi da gonar gado, wataƙila ma ba shi da takardar haihuwa, shi ne mafi sauƙin faɗuwa daga jerin sunaye. Ga irin wannan mutum, buɗe hanyar ruwa da rage shingayen karɓar kuɗi a kan titi sun fi masa buhun iri amfani.

Ga shi kuma haɗin kan tsaro na tangal-tangal. Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin a Maris ɗin 2025, bayan ta janye izinin ƙungiyar Acted a ƙarshen 2024, ta kuma sallami kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa a farkon 2025. Gwamnati na da ikon tantance wanda zai yi aiki a ƙasarta, amma gurbin da aka bari dole wani ya cike shi, kuma baitulmalin ƙasashen huɗu na fama da kashe kuɗin yaƙi.

Saboda haka ɗan abin da ya rage na tallafi ya kamata a auna shi da ma'auni uku: ko ya buɗe wa manomi hanyar zuwa gona da kasuwa, ko an rubuta yarjejeniyar amfani da ƙasa da ruwa da ta haɗa har da baƙi da 'yan gudun hijira, da kuma ko ƙaramar hukuma na da kuɗin kula da aikin bayan masu tallafi sun tafi. Abubuwa biyu na farko ba sa cin kuɗi mai yawa. Shawara ce da gwamnoni da kwamandojin soja da sarakunan yankin za su iya yankewa ko da ba a sake kiran wani taro a Turai ba.