Ƙafa ta ɗoru, amma wa zai biya watannin jinya?

Duk wanda ya san hanyar Jega zuwa Maiyama ya san yadda ake gamawa idan mota ta buge mai babur. A kwashi mai rauni zuwa Aliero, garin da ya yi suna wajen ɗori, dangin direba su zo jaje, su biya mai ɗori, dattawa su ce ƙaddara ce. Shi ke nan, an yafe.

Yafiya abu ne mai kyau, sai dai sau da yawa wanda ya yafe bai ma san abin da ya yafe ba. Jihar Kebbi ta kafa dokar Shari'a a 2000, zamanin Gwamna Adamu Aliero, kuma a mazhabar Malikiyya lissafin a bayyane yake: diyyar rai raƙuma 100, hannu rabin haka, yatsa raƙuma 10, haƙori biyar. Inda gizo ke saƙa shi ne karayar kuskure da ta warke sumul, domin ba a yanke mata diyya ba, kuɗin magani ma malamai sun saɓa a kansa.

Malaman Yahudawa sun taɓa fuskantar wannan tambaya. Mishna, kundin dokokinsu da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, ya ɗora wa wanda ya ji wa wani rauni biyan abu biyar: nakasa, zafin ciwo, magani, kwanakin da aka rasa aiki, da kunyar da aka jawo. Na huɗun ne ya fi shafar mu. Manomin albasa da ya karye a tsakiyar noman rani zai iya miƙewa bayan wata uku, ƙafa garau, fadama kuwa ta bushe, ga bashin taki. A zaman sulhu ba kasafai ake tayar da wannan ba, wai kar a ce mutum ya cika son kuɗi.

Alhali akwai mai biya. Tun Janairun 2023 inshorar dole ta motar gida ta koma naira 15,000 a shekara, kuma ta ƙunshi raunin wanda aka buge. Direbobi da dama suna ɗaukar takardar ne don ’yan sanda kawai, wasu ma ta bogi ce. Kamfanin inshora kuwa zai nemi rahoton ’yan sanda da na likita, biyun da sulhun ƙofar gida da ɗorin gargajiya ba sa samarwa.