Wasiƙa zuwa ga likitocin da ke duba samarinmu

'Yan'uwa likitoci,

Daga Ƙofar Ɗan Agundi nake rubuto muku kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Saurayi ɗan shekara 25 ya zo yana tarin jini, ya rame. A Kano hankalin kowa kan tarin fuka yake tafiya, kuma da dalili. Amma in gwajin kaki bai nuna komai ba, hoton ƙirji kuma ya fito da dunƙule-dunƙule a huhu biyu, don Allah ku ja labule ku duba marainansa.

Shi da bakinsa ba zai faɗa ba. Kunya ta rufe shi, ya gama yanke hukuncin gwaiwa ce ko sanyi, ya sha na kemis, ya sha na gargajiya.

Sankarar maraina ta fi kama 'yan shekara 15 zuwa 35. Wadda ta fi tsorata ni ita ce koriyokasinoma: ƙullin na iya zama bai kai ƙwayar gyaɗa ba, alhali ta bi jini ta isa huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. Tana fitar da sinadarin hCG, wanda tsinken gwajin ciki ke ganowa, shi ya sa nonon wasu ke kumbura. Ku tsoma tsinken a fitsarinsa. In layi biyu suka fito, kada ya kwana ba a tura shi gaba ba. In ɗaya ne, bai wanke shi ba tukuna.

A auna AFP da hCG da LDH a jini kafin a taɓa shi da wuƙa, a yi sikanin. Kada a soka allura ko a tsaga ta fatar maraina, ta matsematsi ake cirewa. Ku tambayi mahaifiyarsa ko 'ya'yan marainansa duka biyu sun sauko tun yana jariri.

Ciwon yana jin magani. Tun 1974 Lawrence Einhorn ya fara ba da sisfilatin a Indiyana ta Amurka, kuma ɗan tseren keke Lance Armstrong ya tashi bayan sankarar ta kai masa huhu da ƙwaƙwalwa a 1996. Ku rubuta wa saurayin takarda zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika, ku haɗa da sakamakon gwajin, ku kuma kira wansa ko mahaifinsa ku faɗa masa dalilin gaggawar.

Wassalam,
ɗan'uwanku a aiki.