Fuska Ba Shaida Ba Ce

Masu cewa wasan L.A. Noire na 2011 ya koya musu gane maƙaryaci suna ruɗin kansu. Ban hana wasan yabonsa ba. Yana sa ka bi sawu a Los Angeles ta 1947, ka tattara shaida kafin ka buɗe baki. Wannan haƙuri abin koyi ne.

Amma yana saba maka zargin mutum don kawai ya kau da ido. Ai marar laifi ma muryarsa takan yi rawa gaban ɗan sanda! Mutanen da Cole Phelps ya kama kan kisan matan nan, daga baya aka gano ba su ne suka aikata ba. Kada ku shigo da wannan hali cikin zumuntarmu.