Idan gudu ya yi nauyi, a duba jiki, a sake buri

A garuruwanmu yau ana ganin samari da magidanta suna gudu da sassafe. Ana ganin su a bakin hanyoyin Maraɗi da Tawa, da filayen makarantun Damagaram, da kewayen filin wasa na Janar Seyni Kountché a Yamai. Ba a biyan su ko dala. Wasu lafiya suke nema, wasu suna shirin shiga soja, wasu kuma suna so su ci tsere.

Mun yaba da wannan al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata babban mutum ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako, ko minti 75 idan motsin mai ƙarfi ne kamar gudu. Yin haka yana rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya.

Amma akwai wani lokaci da mai gudu ba ya rasa gamuwa da shi. Mutum ya yi watanni yana gudu cikin nishaɗi, sai ƙafa ta fara nauyi. Kilomita 5 da yake yi cikin minti 25 ta koma minti 30. Asuba ta yi, ba ya marmarin tashi. A nan ne mutane da yawa suke ɓata. Wani sai ya jefar da takalmi, ya ce ƙarfinsa ya ƙare. Wani kuma sai ya ninka gudun, har ya sayi ƙwaya a bakin kasuwa. Dukansu biyu sun yi kuskure. A ganinmu abu uku ya kamata a yi: a binciki jiki, a ba shi hutu, sannan a sa sabon buri.

Jiki kamar gona ne

Kowane manomi ya san gonar da ake nomawa kowace shekara, ba taki ba hutu, takan gaji. Hatsi ya fito siriri, zangarniya ta ƙanƙance. Mai hankali ba ya zagin gonar. Yakan kai mata taki, ko ya shuka wake, ko ya bar ta ta huta.

Haka jikin ɗan Adam yake. Gudu yana gajiyar da tsoka. Lokacin hutu da barci ne jiki yake gyara ta, ya mai da ta ta fi da ƙarfi. Wanda yake gudu mai tsanani kowace rana bai bai wa jikinsa damar gyara ba. Shi ya sa yana ƙara wahala, gudunsa yana raguwa.

A tambayi jiki tukuna

Kafin mai gudu ya ce shi rago ne, sai ya duba abubuwan nan.

Na farko, masassarar cizon sauro. Ta fi yawa daga tsakiyar damana zuwa kaka. Ƙwayar cutar tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, su ne masu kai iska ga tsoka. Ko bayan an sha magani an warke, jini yakan yi makonni kafin ya koma yadda yake. Kada a yi gudu da zazzaɓi a jiki.

Na biyu, ƙarancin jini. Tsutsar ciki tana kawo shi, haka ma tsargiya, wadda ake gane ta da jini a fitsari. Mata kuma suna rasa jini kowane wata. Alamunsa su ne haki, da jiri, da farin tafin hannu, da farin cikin fatar ido. A je gidan likita a auna jini. A ci wake, da zogale, da hanta, da nama idan an samu. A matsa lemun tsami a abinci, ko a ci gwaba da tumatir, domin suna taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa yana rage ɗaukarsa, saboda haka a ba da tazara tsakanin cin abinci da shan shayi.

Na uku, zafi. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a ƙasarmu. Zuciya tana aiki biyu: tana kai jini ga ƙafafu, tana kai shi ga fata don jiki ya huce. Dole gudu ya ragu, kuma wannan ba ragwanci ba ne. A yi gudu da asuba, a sha ruwa. Idan fitsari ya yi duhu, jiki yana neman ruwa.

Na huɗu, aikin gona. Wanda ya wuni riƙe da hauya ya riga ya motsa jiki har da ƙari. Ba daidai ba ne ya nemi gudun damana ya kai gudun hunturu. Haka ma a watan azumi, sai a rage, a yi kaɗan bayan shan ruwa.

Na biyar, barci. Babban mutum yana bukatar awa 7 aƙalla. Saurayin da ya kai tsakar dare a fada yana shan shayi ba zai ji daɗin ƙafarsa da asuba ba.

Ga amfanin karatun da muka koya. A sami ɗan littafi. Kowace safiya, kafin a tashi daga shimfiɗa, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, a ƙidaya bugun jijiya na minti ɗaya, a rubuta. Idan adadin ya ƙaru da kamar 10 bisa yadda aka saba, kuma ya yi kwanaki a haka, jiki ya gaji ko ciwo yana tafe. Sai a huta. Wanda kuma ya ji ciwon ƙirji, ko ya suma yana gudu, ya tsaya nan take, ya ga likita.

Ƙwaya ba ta ƙara ƙarfi

Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, wanda likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta. Ba ya cire gajiya, ɓoye ta yake yi. Mai shan sa yakan ci gaba da gudu a kan rauni, har ƙaramin targaɗe ya zama babba. Yana kama mutum har ya kasa bari, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Tun daga shekarar 2024 an haramta shi ga ƴan wasa a lokacin gasa a duniya. Wanda ya ci tsere da ƙwaya ya sayar da lafiyarsa da araha.

A sake buri

Wani lokaci jiki lafiya lau, zuciya ce ta gaji. Hanya ɗaya, nisa ɗaya, kowace rana, ba a san abin da ake nufa ba. Maganin wannan shi ne sabon buri.

Manyan ƴan tsere ma sun bi ta nan. Eliud Kipchoge na ƙasar Kenya ya zama zakaran duniya a tseren mita 5,000 a shekarar 2003. A 2012 ya kasa samun shiga cikin waɗanda ƙasarsa ta tura gasar Olamfik ta Landan. Bai bar gudu ba. Ya koma gudun dogon zango na kilomita 42 da mita 195. Ya ci zinariya a Olamfik ta Birazil a 2016, ya sake ci a ta Japan a 2021. Ƴar ƙasarmu Aminatou Seyni ta yi suna a tseren mita 400, daga baya ta koma mita 200, kuma ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 2022 a Amurka.

Buri mai kyau yana da adadi, yana da rana, kuma yana daidai ƙarfin mai shi. Cewa "ina so in yi sauri" ba buri ba ne. A rubuta: "Zan yi kilomita 10 ba tsayawa a watan Disamba." Hunturu shi ne lokacin da ya fi dacewa, domin an gama girbi, akwai abinci, zafi ya sauka. Ranar da ƙura ta yi yawa kuwa sai a dakata, musamman mai ciwon asma.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A fara shiri da mako 12. A yi gudu kwana 3 a mako, a bar ranar hutu tsakani. Yawancin gudun ya zama a hankali, yadda za a iya magana da aboki ana tafiya. Kada abin da za a ƙara a mako ya wuce kashi ɗaya cikin 10 na nisan makon jiya. Kowane mako na huɗu a rage, jiki ya huta. A sauya hanya, a nemi abokin gudu, a rubuta duk abin da aka yi.

Kira ga shugabanni

Wasu dattawa suna cewa gudu aikin marasa aikin yi ne. Gaskiya ne manomi ba ya bukatar sa da damana. Amma rani yana da tsawo. Ga kuma masu shago da ƴan kabu-kabu da ma'aikatan ofis da suke wuni a zaune. Saurayin da ya kwanta da wuri don gudun safe ya fi wanda ya kwana a bakin titi.

Mu dubi kokowa. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, ƴan kokowa suna shiri da himma, domin sun san akwai ranar da za a kara. Masu gudu ma suna bukatar ranarsu. Muna kira ga magadan gari da ƙungiyoyin matasa su shirya tseren kilomita 5 ko 10 a kowace gunduma, misali ranar 18 ga Disamba. A yi shi da sassafe. A tanadi ruwan sha da ma'aikacin lafiya. A ware rukunin ƴan mata da na magidanta. Kyautar ko buhun hatsi ce ta isa.

Kai kuma ɗan uwa da gudu ya yi wa nauyi, kada ka jefar da takalminka. Je ka auna jini, ka huta mako ɗaya ko biyu, ka ɗauki alƙalami ka rubuta nisan da kake nufa da ranar da za ka yi shi. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu lafiya.