LAFIYAR DABBOBI: Murɗewar Tumbin Kare, Ciwon Da Ba Ya Jiran Gari Ya Waye

Tun da aka dawo da mazaunin Gwamnatin Tarayya daga Ikko zuwa Abuja a cikin watan Disamba na 1991, manyan gidaje suka yi ta ƙaruwa a unguwanni irin su Maitama da Asokoro da Gwarinpa. Da yawa daga cikin gidajen nan, bayan doguwar katanga da maigadi, akan ajiye ƙaton kare irin na ƙasashen waje, kamar Alsashiyan ko Rotwaila ko Bowabul. Maigida shi ya sayi karen da kuɗi masu yawa, amma wanda yake ba shi abinci, yake kwana kusa da shi, shi ne maigadi ko yaron gida. Saboda haka bayanin wannan mako nasu ne su duka biyu.

Abin yakan faru ne kamar haka. Da magariba an cika wa kare kwano, ya cinye cikin gaggawa, ya bi da ruwa. Can dare ya raba sai ya kasa zama, ya kasa kwanciya, yana ta zagaye. Yana kakarin amai amma ba abin da ke fitowa sai kumfa, miyau yana dalala, cikinsa ta bayan haƙarƙari ya kumbura ya yi tauri, in an ɗan buga shi da yatsa sai ya yi ƙara kamar ganga. Maigadi yana jin nauyin ya ta da maigida a kan kare, sai ya ce bari gari ya waye. Sau da yawa kafin asuba karen ya mutu, a wayi gari ana zargin an ba shi guba.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san kumburin ciki da kan kama saniya ko tunkiya in ta ci ɗanyar ciyawar farkon damina. Wannan sanin ne yakan sa a ɗura wa kare man ja ko ruwan kanwa. To, na kare daban yake. Tumbinsa ne yake cika da iska, sa'an nan ya juya a kan kansa, rabin zagaye, wani lokaci zagaye guda cif, kamar buhun da aka murɗe bakinsa da gindinsa. Ƙofar da abinci yake shiga ta toshe, wadda yake fita zuwa hanji ita ma ta toshe. Ba gyatsa, ba amai. Abin da aka ɗura masa ba zai isa tumbi ba, yana ma iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu.

Haɗarin bai tsaya a tumbi ba. Yayin da ya kumbura sai ya danne manyan jijiyoyin da suke mai da jini zuwa zuciya, ya kuma tokare huhu. Jini ya rage gudu, dasashi ya yi fari, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Bangon tumbin da jini ya daina isa gare shi sai ya fara mutuwa, saifa kuma, da yake tana manne da shi, takan bi shi ta murɗe. Duk wannan cikin 'yan sa'o'i kaɗan ne.

Idan aka isa asibiti, likitan dabbobi ba ya fara da wuƙa. Da farko zai sa wa karen ƙarin ruwa da sauri ta jijiyoyin ƙafafun gaba, tare da maganin rage zafi. Daga nan sai ya rage iskar, ko dai ta zura mesar roba ta baki zuwa tumbi, ko kuwa, in mesar ta ƙi wucewa, ya soka allura mai faɗi ta gefen ciki. Sa'an nan a kwantar da karen a gefensa na dama a ɗauki hoton eksire. Idan kumburi ne kawai, tumbin zai fito kamar buhu guda cike da iska. Idan kuwa ya murɗe, sai a gan shi ya rabu gida biyu da wani shamaki a tsakani. Wannan hoto shi ne yake raba gardama.

Da zarar an tabbatar, ba wani magani sai tiyata. A sa karen barci, a tsaga cikin ta tsakiya, likita ya kama tumbin da hannu ya mai da shi mazauninsa. Sai ya duba launinsa: inda ya dawo ja yana da rai, inda ya zama baƙi ko toka-toka ya mutu, dole a yanke shi. Haka nan saifa, in ta lalace sai a cire ta, kare kuwa yana rayuwa ba tare da ita ba. Aiki na ƙarshe shi ne ɗinke tumbin a jikin bangon ciki ta ɓangaren dama domin kada ya sake juyawa. Wannan ɗinki ba ƙari ba ne. In ba a yi shi ba, ciwon yakan dawo wa mafi yawan karnukan da suka taɓa yinsa. In an yi, waɗanda yake dawo wa ba su kai 5 cikin 100 ba. Bayan tiyata akan sa ido a kan bugun zuciya har kwana 2 ko 3, domin a lokacin ne takan rikice. A asibitocin da suke da kayan aiki, kimanin 8 cikin 10 na karnukan da aka yi wa aikin suna tashi, kuma wanda aka kai da wuri shi ya fi samun sa'a.

Wane kare ne ya fi shiga haɗari? A shekarar 2000 wani masani mai suna Lawrence Glickman da abokan aikinsa na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fitar da sakamakon bincike a kan karnuka fiye da 1,900. Sun gano ciwon ya fi kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji, musamman irin da ake kira Giret Den, wanda kimanin 4 cikin 10 nasu za su iya gamuwa da shi a rayuwarsu. Har ila yau haɗarin yana ƙaruwa da tsufa, da cin abinci hannu baka hannu ƙwarya, da kasancewar uwa ko uba ko ɗan'uwan karen ya taɓa yi. Wani abin mamaki, ɗaga kwanon abinci sama, wanda a dā ake ɗauka kariya ne, sai binciken ya nuna yana ƙara haɗarin.

Rigakafi dai ya fi magani. Maimakon a tara wa kare abinci a ba shi sau ɗaya, gara a raba shi sau 2 ko 3 a yini, kwanon yana ƙasa. Likitoci kan ba da shawara a bar shi ya huta bayan cin abinci kafin a sake shi yawon gadi. Mai kare irin waɗanda aka ambata yana iya tuntuɓar likita a kan yin ɗinkin nan tun karen yana lafiya. Rundunar sojan Amurka tana yi wa karnukan aikinta haka.

Ƙasar nan ba ta rasa masana ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana yaye likitocin dabbobi, Jami'ar Abuja kuma tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Gwagwalada, ban da asibitoci masu zaman kansu a cikin birni. Sai dai ba kowane ɗakin shan magani ne yake da na'urar hoto da ɗakin tiyata ba, ba kuma kowanne ne yake buɗe da dare ba. Wajibi ne mai kare ya bincika wannan tun da rana tsaka, ya rubuta lambar likita a ɗakin maigadi.

Abu mafi muhimmanci shi ne maigida ya kira maigadinsa ya faɗa masa da bakinsa cewa, duk daren da ya ga kare yana kakarin amai ba abin da ke fita, cikinsa ya kumbura, to ya buga ƙofa ko ƙarfe nawa ne, ba wanda zai yi masa faɗa. Wanda ya ajiye dabba tana tsaron gidansa ya ɗauki amanarta, wannan kuwa yana cikin haƙƙinta.